Tsohon jirgin yaƙi ya koma goyon jiragen share nakiya: dabara ce ko rashin yadda za a yi?

Ɗan_Gaɓa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da sojan ruwan Jamus suka yi a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko, da nake son masana su warware mini. Sun ɗauki manyan jiragen yaƙi masu sulke guda huɗu, Wittelsbach da Schwaben da Preussen da Lothringen, suka raba su da igwa, suka mai da su uwa ga ƙananan jiragen share nakiyar ruwa. Kowannensu ya kai tan 12,000 ko fiye, gindinsa yana shiga ruwa wajen mita 8, ga cin kwal. Abin da yake goyo kuwa 'yan kwale-kwale ne na katako. A ganina asara ce, jirgin dakon kaya zai yi wannan aiki cikin araha. Hujjata ita ce babu ko ɗaya da ya daɗe a bakin aikin. Mai ja ya fito.

Malam_Kundi:
Wa alaikumus salam. Ɗan_Gaɓa, jirgin dakon kayan wa za su ɗauka? Yarjejeniyar Versailles, wadda aka ƙulla da Jamus bayan yaƙin, ta ƙwace mata duk jirgin kasuwanci da ya kai tan 1,600, da rabin waɗanda ke tsakanin tan 1,000 da 1,600, har da kashi ɗaya cikin huɗu na jiragen kamun kifi. Sababbin jiragen yaƙinta kuma suna tsare a mashigin Scapa Flow na Birtaniya, inda matuƙansu suka nutsar da su ranar 21 ga Yuni 1919. A gefe guda sashe na 193 na yarjejeniyar ya ɗora mata share nakiya a Tekun Arewa, gabas da layin digiri 4 na taswira, daga digiri 53 zuwa 59 na arewa, sannan arewa da digiri 60 da rabi, da kuma wuraren da za a nuna mata a Tekun Baltik. Aiki ne na dole, kuma abin da ya rage a tasha su ne waɗannan tsofaffin. Tun 1916 da 1917 aka janye su daga fagen daga, wasu sun zama makarantar horo, wasu wurin kwanan sojoji. Da hanau gara mannau.

Hajiya_Taswira:
Ƙarin bayani kan na Malam: yarjejeniyar ba ta fara aiki ba sai 10 ga Janairu 1920, amma sharar ta riga ta fara. Jamus ma ita ta fi kowa matsuwa, domin jiragen abinci ba sa iya shiga Hamburg da Bremen lafiya muddin nakiya na bakin kogunan Elbe da Weser.

Yaron_Tasha:
To amma yaya jirgi zai goyi jiragen FM har goma sha biyu? Ai ba ƙanana ba ne.

Sarkin_Ruwa_M:
Yaro, ka haɗa abu biyu. Iri uku ne. Akwai jiragen M, na ƙarfe, masu tukunyar kwal, wajen tan 500, tsawo kusan mita 60. Waɗannan suna zuwa fili da ƙafarsu su kwana a can. Akwai FM, su ma na tururi ne, ƙasa-ƙasa da tan 200, ba mai ɗaga su sama. Sai jiragen F, su ne ake magana: na katako, masu injin fetur, kimanin tan 20, tsawonsu bai kai mita 20 ba, abin da ke shiga ruwa kusan mita ɗaya. Wittelsbach da Preussen kowanne na ɗaukar 12, Lothringen 14.

Yaron_Tasha:
Na gode Baba, na gane. Harafi ɗaya ya ɓatar da ni.

Gwanin_Nakiya:
Sai an san yadda nakiyar take kafin a gane dalilin wannan mita ɗayan. Nakiyar wancan yaƙi galibi mai anga ce. Ƙwallon ƙarfe ne mai iska a ciki, yana son tasowa, waya ta riƙe shi da wani nauyi da ke kwance a ƙasan teku. Tsawon wayar shi ke tsai da zurfinta, mita kaɗan ƙasa da fuskar ruwa in jiragen sama da ruwa ake hari. A kanta akwai ƙahonni na dalma, cikin kowanne da kwalbar gilashi mai ruwan batir. Jirgi na goga ƙahon sai ya lanƙwashe, kwalbar ta fashe, ruwan ya gangara kan wani ɗan batir da ke zaune a bushe, wuta ta taso, sai fashewa.

Jirgin da gindinsa bai wuce mita ɗaya ba zai bi ta kan nakiyar da ke mita 3 bai taɓa ta ba. Amma a Tekun Arewa akwai cika da janyewar ruwa, a gaɓar Jamus bambancin na kai mita 3. Nakiyar da ke mita 4 lokacin cika tana iya dawowa mita ɗaya in ruwa ya janye. Saboda haka ake tsara fita a kan lokacin cika, kuma sa'o'in aiki ba su da yawa. In ƙaramin jirgi ya ɓata rabinsu a hanyar zuwa daga tasha, ranar ta tashi a banza. Amfanin uwa na farko ke nan, ta kawo su bakin fili.

Ɗan_Gaɓa:
Gwani, ka ƙara mini hujja ke nan. In mita ɗaya ne tsira, mai mita 8 me ya kai shi kusa da fili?

Gwanin_Nakiya:
Ba ta shiga fili. Tana bin hanyar da aka riga aka share aka kafa mata tutoci masu iyo, ta jefa anga a ruwa mai tsabta, 'ya'yan su shiga. Haɗarinta shi ne nakiyar da ta tsinke tana yawo. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta ce nakiya in ta rabu da angarta dole ta mutu, kuma akwai makunnin da jan waya ke riƙewa don haka. Sai dai bayan shekara biyu ko uku a ruwan gishiri, tsatsa da halittun ruwa masu manne wa ƙarfe sun cinye makunnin, yana iya maƙalewa a kunne. A nan kuma tsohon jirgin yaƙi ya fi na kaya: cikinsa a rarrabe yake ɗaki-ɗaki masu hana ruwa wucewa, ga gindi mai ruɓi biyu. Ba na cewa ba ya nutsewa, irinsu da yawa nakiya ɗaya ta kashe a yaƙin. Amma ya fi jirgin kaya mai manyan rumbuna uku ko huɗu damar kaiwa gaɓa.

Injiniya_Dogo:
Bari in jero yadda irin wannan juyi ke tafiya, don a ga inda kuɗi da wahala suke.

Da fari a kwashe harsashi da albarushi, a wanke rumbunansu. Sai a kwance igwa. Wittelsbach da Schwaben an gina su da manya huɗu masu baki santimita 24 da matsakaita 18 masu santimita 15. Preussen da Lothringen huɗu masu santimita 28 da 14 masu santimita 17. Kowane ramin da igwa ta bari a jikin jirgi sai an toshe shi da faranti, in ba haka ba igiyar ruwa ta shigo ta nan. Zoben sulken da babbar igwa ke juyawa a kai a cikin ƙashin jirgin aka gina shi, sare shi aiki ne babba, ya fi sauƙi a yi masa murfi.

Sannan dandamalin ɗora jiragen. Nan ne mai gaggawa ke kuskure. Jirgin katako ba a aza shi kan ƙarfe tsirara, sai an sassaƙa masa matashi daidai da siffar gindinsa, aƙalla a wuri uku, ɗaya a ƙarƙashin inji inda nauyi ya taru. Kowane matashi kuma ya zauna a kan haƙarƙarin babban jirgin, a tokare shi da ginshiƙi har bene na ƙasa. In ya faɗa tsakanin haƙarƙari biyu, farantin bene zai lotsa.

Sai injin ɗagawa. Wanda jirgin ya zo da shi don kwale-kwalensa aka yi, sai an duba ko zai ɗauki tan 20, kuma hannunsa ya miƙa har ya wuce gefen jirgi mai faɗin mita 22. A ƙarshe tankin fetur, maƙera, rumbun waya, da wurin kwanan matuƙa.

Maƙerin_Jirgi:
Injiniya ya tsallake gwajin karkata, kuma shi ne mai kashe mutane in an raina shi. Bayan an gama, a ɗora nauyi sananne a gefe ɗaya, a auna yadda jirgin ya jingina da lilo, daga nan a fitar da abin da muke kira GM, wato ƙarfin da jirgi ke da shi na komawa tsaye. Mu ƙaddara GM mita ɗaya ne, jirgin tan 12,000. Jirage 12 masu tan 20 sun ba da tan 240. In an aza su mita 7 sama da cibiyar nauyi, 240 sau 7 a raba da 12,000, cibiyar ta hau santimita 14. Ba a sa nauyin dandamali da injin ɗagawa ba tukuna. In an kwashe tan 300 na harsashi daga mita 4 ƙasa da cibiya, ta ƙara hawa santimita 10. Kwata na GM ya tafi ke nan. Preussen abin da ya same shi ke nan a taƙaice, aka tarar nauyi ya yi masa yawa a sama, bai jima ba aka maye gurbinsa da Arcona, ƙaramin jirgin yaƙi da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba.

Injiniya_Dogo:
Ranka ya daɗe, lissafin ya yi, amma ɓangare ɗaya ka kawo. Igwar da aka cire ma a sama take, ɗaruruwan tan ne, cire ta na sauko da cibiya. Ba goyon kaɗai ke jawo matsala ba. Abin dubawa shi ne me ya rage a sama: ɗakin kwamanda mai kaurin sulke, bututun hayaƙi uku, dogayen turaku na ƙarfe. Sannan me ya ragu a ƙasa. Jirgin da aka zana da cikin kwal tan 1,600 in aka bar shi da kwata saboda ƙarancin kwal, ya zama wani jirgi dabam. Maganin kuwa sananne ne, a zuba nauyi a gindi, ko ƙarfe ko ruwa a tanki. Amma tankin ruwa a cika shi taf ko a bar shi fanko. Rabin tanki ya fi babu muni, ruwan na gudu gefen da jirgi ya karkata ya ƙara danne shi.

Maƙerin_Jirgi:
Ban musa ba. Na dai nuna cewa tan 240 ba abin wasa ba ne ko a jirgi mai wannan girma. Ga kuma lokacin ɗagawa: da zarar jirgin F ya bar matashinsa, nauyinsa ya koma kan tsinin hannun injin, ba inda yake rataye ba. In aka miƙa shi mita 13 daga tsakiya, 20 sau 13 a raba da 12,000, jirgin ya jingina digiri ɗaya da ɗan ɗori. A tasha ba komai. A teku, inda uwar ke lilo ɗan kuma na tsalle a kan igiyar ruwa, waya na saki ta kuma tsuke farat ɗaya, a nan take tsinkewa ko ta fizge ƙugiyar daga jikin katako.

Sarkin_Ruwa_M:
Shi ya sa ake juya uwar ta ba iska gefe ɗaya, a sauke a ɗaya gefen inda ruwa ya lafa. Jiki mai tsawon mita 127 katanga ce. Wannan Arcona ba za ta ba ka kamarsa ba. Kuma dokar aiki ita ce a kwaso yaran tun kafin iska ta tashi, domin ɗaga 12 ɗaya bayan ɗaya na cin lokaci, na ƙarshe shi ke shan wahala.

Uwar_Bita:
Ba wanda ya tsaya kan fetur, alhali ni shi ya fi ba ni tsoro. Jirgi ne mai tukwanen kwal sama da goma, wuta a buɗe, ga maƙera. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake ta matakala ya kwanta a ƙasan jirgi. Don haka tankin ko dai ya zauna a fili a sama inda za a iya tura shi teku, wanda ya ƙara wa Maƙeri nauyin saman da yake kuka da shi, ko a ƙasa a killace shi da ɗaki fanko ta kowane gefe, da bututun shaƙa mai ragar tagulla a baki. Tsohon rumbun albarushi na da amfani ɗaya, an riga an yi masa hanyar cika shi da ruwan teku in gobara ta tashi.

Hajiya_Taswira:
Ku lura da giɓin da ke cikin sashe na 193 da Malam_Kundi ya kawo, tsakanin digiri 59 da 60 da rabi. Nan ne shingen nakiya da Amurka da Ingila suka shimfiɗa a 1918 daga tsibiran Orkney zuwa gaɓar Norway, nakiya wajen 70,000. Su suka share abinsu a 1919. Kuma Ɗan_Gaɓa zai ji daɗin wannan: uwar jiragen Amurka a wannan aiki, Black Hawk, jirgin kasuwanci ne da aka juya, yana zaune a Kirkwall, a tsibiran Orkney.

Ɗan_Gaɓa:
Madalla Hajiya. Ga shi nan, mai zaɓi bai zaɓi jirgin sulke ba.

Malam_Kundi:
A'a, aikin ba ɗaya ba ne. Black Hawk ba ya goyo. Jiragen sharar Amurka manya ne, kusan tan 1,000, su suka tsallako Atlantika da kansu. Abin da suke nema wurinsa gyara ne da kayan aiki. Na Jamus kuwa ɗaukar yaran suke kacokan, su ciyar da matuƙa, su ba su gado, domin a jirgin F babu wurin kwana na kirki.

Gwanin_Nakiya:
Kuma a duba abin da ke lalacewa kullum, shi zai nuna girman maƙerar da ake buƙata. Sharar ta wancan lokaci jirage biyu ne ke jan waya ɗaya a tsakaninsu, da wani allo mai nutsewa da ke danne wayar a zurfin da ake so. Wayar ta kamo ta nakiya, ta goge ta har ta yanke, ko almakashin da ke jiki ya datse ta. Nakiyar ta taso, a harbe ta da bindiga daga nesa har ta sha ruwa ta nutse ko ta tashi. Abin da ke faruwa a zahiri: nakiya ta fashe a cikin wayar ta raba ta biyu, waya ta sarƙe da ɓaraguzan jirgin da ya nutse, allo ya ɓata, ko girgizar fashewa ta buɗe haɗin katako jirgi ya fara yoyo. Mafi muni, nakiya ta maƙale a allon a jawo ta har gindin jirgi lokacin naɗe waya. Saboda haka mutum ɗaya ba ya da aiki sai zura wa ruwa ido a baya. Kowane dare akwai saƙa waya, toshe haɗi, da sauke inji. Jirgin da aka ɗaga sama a kan uwa ana gyara gindinsa a bushe, ba sai an koma tasha neman layi ba.

Yaron_Tasha:
Igwar da aka cire fa, narkar da su aka yi?

Malam_Kundi:
Wasu tun ana yaƙi aka ba sojan ƙasa. Masu santimita 17 na irin su Preussen an ɗora wasu a kan taragon jirgin ƙasa, ana kiransu Samuel.

Baƙon_Zaure:
Amurka ma ta juya tsohon jirgin sulke, Kearsarge, a 1920, ta ɗora masa injin ɗaga tan 250. Amma sai da aka ƙara masa kumburi a gefe biyu don ya yi faɗi. Ya yi aiki har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wato in an kashe kuɗin faɗaɗa jiki, matsalar Preussen tana da magani.

Injiniya_Dogo:
Tana da shi, amma wa zai kashe wannan kuɗi kan aikin shekara ɗaya ko biyu? Kearsarge don zama aka yi shi.

Uwar_Bita:
Tunanin dai bai mutu ba, jirgin sulke ne ya ƙare. A shekarun 1960 Amurka ta juya Catskill da Ozark, kowanne na goyon ƙananan kwale-kwalen shara 20 da jirage masu saukar ungulu. A tsakiyar shekarun 1990 ta juya Inchon, shi ma tsoho mai tukunyar tururi, gobara ta tashi a ɗakin tukunyarsa a 2001, aka sallame shi a 2002. Ingila kuma a 2023 jirgin hidimar rijiyoyin mai ta saya ta sa masa suna Stirling Castle, don ya goyi kwale-kwale marasa matuƙi. Abin da ake nema bai sauya ba: fili a sama, injin ɗagawa mai ƙarfi, da wurin kwana.

Ɗan_Gaɓa:
To mu koma kan hujjata da ba a amsa ba. Wittelsbach da Schwaben sun bar aiki a tsakiyar 1920, an soke su a Maris 1921, aka sayar wa masu fasa ƙarfe. Lothringen ma a 1920 ya tsaya. Shekara ɗaya fa, bayan duk jerin aikin da Injiniya ya kawo.

Malam_Kundi:
Dalilin ba na ƙarfe ba ne kawai. Sashe na 183 ya taƙaita sojan ruwan Jamus gaba ɗaya zuwa mutum 15,000. Jirgi irin wannan a lokacin yaƙi mutum wajen 700 yake ci. Ko an cire masu igwa, masu zuba kwal da masu inji suna nan, injuna uku ne da farfela uku. Sashe na 181 kuma ya yarda da manyan jirage shida ne kacal, irin Deutschland ko irin Lothringen. Wittelsbach da Schwaben ba sa ciki, ko sun yi aiki ko ba su yi ba ranarsu ta zo. Shi ya sa Preussen, da yake irin Lothringen ne, ya zauna a ajiye har 1929, Lothringen kansa har 1931.

Maƙerin_Jirgi:
Preussen ma bai tafi duka ba. Da aka fasa shi an bar wani yanki na tsakiya mai tsawon mita 63 don gwajin abubuwan fashewa, matuƙa suka yi masa laƙabi da Vierkant, wato mai kusurwa huɗu, saboda ya zama kamar akwati. Bama-bamai suka nutsar da shi a tashar Wilhelmshaven ta Jamus a 1945.

Sarkin_Ruwa_M:
Ni inda na tsaya, a raba tekun biyu. A Baltik, inda Schwaben ya yi aiki, kusan babu cika da janyewa, ruwa bai da zurfi, ga lunguna da za a fake. Jirgin F na samun ranakun aiki da yawa, goyo na biyan kansa. A Tekun Arewa igiyar ruwa ta fi ƙarfin jirgin tan 20 a yawancin kwanakin hunturu, uwar na ƙona kwal yaran na zaune a bayanta. A can jiragen M ne suka ɗauki nauyin aikin.

Ɗan_Gaɓa:
Na karɓi maganar rashin jirgin kaya, da ta katangar iska. Ban karɓi cewa huɗu ake buƙata ba. In Arcona ta iya tsayawa a gurbin Preussen, me ya hana a fara da irinta?

Injiniya_Dogo:
Faɗinta wajen mita 12 ne, rabin na Preussen da ɗan ɗori. Ka zana benenta a takarda, ka cire wurin bututun hayaƙi da ɗakin tuƙi, sannan ka gwada jera jiragen mita 17 a abin da ya rage. Ka faɗa mana nawa suka shiga, da kuma gefen da za ka kafa injin ɗagawar.